Bahagwan Injiniya Ashafa

…kuma ba wai yunwar ce babu ba. Tana nan tun safe. Ga farantin asibiti an ajiye masa a kan ɗan teburin nan mai taya, dankalin Turawa an kirɓa shi ya yi luɓus, da wani koren abu a gefe da ko sunansa ba ya son sani. Ga cokali. A hagu suka ajiye cokalin. Kullum a hagu.

Injiniya Ashafa yana kallon cokali, cokali yana kallonsa.

Hannun damansa na kwance a kan matashi, inda nas ta jera shi bayan wanka, yatsu a lanƙwashe, kamar kayan wani da aka ba shi ajiya. Shekara sittin da ɗoriya hannun nan yana masa bauta. Shi ya yi ta zana hanyoyin bututun ruwa har furfura ta fito, shi ya sa hannu a takardar gidansa na unguwar Longsight a Manchester, shi ya fara taɓa kan 'yarsa Latifa ranar da aka haife ta… rana ɗaya ya ajiye aiki, ko sallama babu. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Ta ɗauke hannun, ta ɗauke ƙafar, ta bi ta baki ta kwashe maganar kaf, ta bar masa kalma ɗaya tak, ita ma kamar don tsiya: "To."

A yi masa sannu, to. A tambaye shi ina ke ciwo, to. Mutumin da a taron masallaci sai an ja masa riga kafin ya zauna, wai yau shi ne ba ya musu da kowa.

Na hagun yana ƙarƙashin bargo. Lafiyarsa ƙalau. Yana jin ɗumin cinya, yana jin kaushin bargon. In ba kowa a kusa yakan fito ya sosa gemu, ya gyara hula, ya koma. Amma da zarar ya ji ƙarar keken abinci daga ƙarshen ɗaki sai ya dunƙule ya shige ciki, ba tare da wani ya ce masa ya shige ba…

Gobe Litinin za su zauna a kansa.

Bethany ce ta gaya masa, 'yar Baturiyar nan da ke koya wa masu irin ciwonsa yadda za su koma yi wa kansu abubuwa. Ta tsuguna a gefen gado har idonta ya zo daidai da nasa — wa ya koya mata wannan ladabin? — ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. In yana iya kai abinci bakinsa da kansa, za a mayar da shi Manchester, gidansa, ma'aikata su riƙa leƙo shi safe da yamma. In ba ya iyawa, ba za a bar shi a gida shi kaɗai da rana ba, tunda matarsa Saudatu tana aiki a makarantar ƙananan yara, kuma aikin nan ne yanzu ke riƙe da gidan. Sai gidan kula da tsofaffi. A nan Birmingham, kusa da 'yarsa.

Ta ba shi ƙwallon roba ya matse da hagun, ya matse har ta zaro ido. Ta miƙo masa cokali… ya juya yana kallon bango.

Latifa har ta je ta gano wurin. 'Yar albarka, gaggawar uwarta ta ɗauko.

"Abba, wallahi it's really nice. Akwai garden, abincinsu halal ne, kuma ba nisa da flat ɗina a Perry Barr, kullum zan zo bayan work. Ka yarda?"

A'a. Ya tattaro a'ar tun daga ƙasan ƙirji, ya turo ta, ya ji ta hau maƙogwaro, ta zo kan harshe, ga ta nan, ga ta nan —

"To."

Ta rungume shi tana hawaye, wai ta gode da ya sauƙaƙa musu.

Birmingham! Shi da garin nan me ya haɗa su? Yini ɗaya ya zo yi. Yini ɗaya… Baje kolin masu tara tsofaffin katuna ake yi a wani zauren taro, ya ce wa Saudatu kar ta saka sarƙar ƙofa, kafin isha ya dawo. Ya sunkuya kan wani tebur yana duba kati, sai ya ga teburin ya taso ya same shi. A lokacin ganye kore ne shar. Yanzu bishiyar da ke bayan tagar nan ta zube tas, rassa kawai.

Yanzu haka can unguwarsu bas mai lamba 192 tana tsayawa a Stockport Road, tana huci, ƙofa tana buɗewa, mata masu keken jarirai suna kokawar shiga. Yanzu haka mahaucin kan kwana yana wasa wuƙa. Ko har yanzu yana ware masa jelar sa? Ko ya gaji ya sayar wa wani? Koriyar ƙofar gidan nan mai taurin kai da sai an haɗa da kafaɗa… matattakalar da ke kuka in an taka… turaren wutar Saudatu da ya kama labule, ya kama darduma, ya kama har takardun banki. Allah, yana son gidan nan. Bai san haka yake sonsa ba. Shekaru yana zaginsa, ga danshi, ga ƙunci, ga maƙwabcin da ke tare masa wurin ajiye mota, yau ga shi da za a ce ya kwana a ƙasan matattakalar nan kamar mage, da gudu zai yarda. Da gudu… shi da ko tsayuwa sai an riƙe shi.

Sai ɗan ɗakin baya na sama, mai taga ɗaya da ke kallon igiyoyin shanyar maƙwabta. Can mutanensa suke.

"Injiniya, mutanenka sun iso." Haka Saudatu kan ce in ambulan mai tambarin Amurka ya faɗo ta ramin ƙofa. Ta ajiye masa a gefen shayi, ta wuce abinta.

Katunan 'yan wasan besbol ne, tsofaffi, wasu ma sun girme shi. Ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba, hoton mutum a gaba, bayanin bajintarsa a baya, gefe ya yi ruwan ƙasa, yana warin tsohon akwati. Wasan Amurkawa: wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki, a kwasa da gudu. Iyakar saninsa ke nan, in za a faɗi gaskiya. Sau ɗaya ya zauna zai kalla a talabijin, barci ya kwashe shi tun ba a je ko'ina ba. Babban mai tara katuna, bai san yadda ake cin wasan ba! Shi dai abu guda yake nema a kati, kuma in babu shi ko kyauta aka ba shi ba ya so: mutumin ya zama bahago.

Sanyi, shekarun baya can. Filin ajiye motoci a gefen Stockport, ranar Lahadi, Turawa sun buɗe bayan motocinsu sun baza tarkacen gida. Keken yara ya je nemo wa Latifa. Wani tsoho mai jan hanci, kwalin takalmi cike da katuna a gabansa… na saman ne ya tsayar da shi. Dogon mutum, ƙafa ɗaya a sama har kusan haɓa, jiki ya karkace, hannu ya koma baya can zai saki ƙwallo. Hannun nan — ya sake dubawa. Ya ji wani abu ya motsa a kafaɗarsa.

Tsohon ya ce ai bahago ne. Ya ce a wasan nan rububin bahagwai ake yi, jifansu ta wata hanya daban yake zuwa, mai kulki ba ya gane kansa. Ya ce a can in yaro ya tashi bahago, uban har godiya yake yi.

Godiya?

Wato akwai inda — a duniyar nan dai, ba lahira ba — akwai inda uba zai ga ɗansa ya miƙa hagu ya ji daɗi?

Keke dai ba a saya ba. Ya dawo gida da kati ɗaya a aljihun ƙirji. Saudatu ta ce ina keken, ya ce bai ga mai kyau ba.

Zariya, bayan gari, ƙarƙashin mangwaro. Yara tun hantsi suke jifa, ba abin da ke faɗowa sai ganye. "A kira Ashafa! A kira bahago!" Ya zo yana jan wando, ya zaɓi dutse, ya ɗaga kai ya ga nunannen can ƙololuwa inda rana ke dukansa… dutsen yakan bar hannun nan kamar ya san hanya. Ba wanda ya koya masa. Daɗin nan da ke tasowa daga yatsu, ya bi gwiwar hannu, ya sauka har ƙugu, bai sake jin irinsa ba. Ranar karɓar digiri bai ji ba. Ranar da ya fara shiga jirgi bai ji ba.

Sai magariba, sai tabarma, sai kwanon tuwo. Inna, mahaifiyarsa, da ɗan ƙyallen da ta yago daga tsohon zane. "Kawo shi." Ta kai hagun baya ta ɗaure masa a ƙugu. Ba da ƙarfi ba. Inna ba muguwa ba ce, kar wani ya kuskura ya ce muguwa ce. In ƙyallen ya kwance, hannun ya sulale ya nufi kwano, sai ludayi — ƙwas! — a kan ƙashin yatsu. "Da hannun tsarki? A cikin abincin mutane? So kake ka girma in ka zauna a riƙa tashi a bar maka kwano?" Anjima kuma ita ce za ta kama yatsun tana shafa musu man shanu, tana hura su, tana cewa don kai nake yi, Ashafa, don kai…

Kuma ta yi nasara. Daman ya koyi rubutu, mummuna dai, amma ya koya. Ya koyi gaisuwa, ya koyi miƙawa da karɓa. Hagun ya koma bayan gida inda aka ce nan ne wurinsa. Sunan bahago ya mutu tun kafin ya shiga sakandare. A Manchester ba wanda ya taɓa sani. Ko Saudatu bai gaya wa ba — ya ce mata me? Wace irin magana ce wannan da namiji zai zaunar da matarsa a kai?

Inna, kin ga wanda kika zaɓa? Ga shi nan a kan matashi. Inna, kina ji?… Da zai ga fuskarta sau ɗaya. Ba don ya yi ƙorafi ba. Ta zo kawai ta ce masa na kwance, ci abinka.

Malam Ja'afar, limamin masallacinsu na Longsight, ya zo dubiya da wasu dattawa, Latifa ta tsegunta masa. Ya zauna ya yi bayani tiryan-tiryan. Lalura ce, Injiniya, Allah bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba, ka ci da wanda Ya bar maka, babu laifi ko kaɗan. Gaskiya ne. Ya sani. Da wani ne a kwance, shi da kansa zai faɗa masa haka, har ya ƙara da nasa. Kai ya yarda, zuciya ta yarda. Hannun ne bai ji fatawa ba. Shi muryar mutum ɗaya yake ji, ita kuwa tana maƙabartar Zariya tun kafin a haifi Latifa.

To ana ba shi a baki. Latifa da yamma, Saudatu ranar Lahadi, sauran lokuta nas, cokali biyu uku ya kawar da kai. Wandon asibitin har ya fara zamewa.

Ya rufe ido. In abin ya ishe shi haka yake yi, ya hau matattakala, ya tura ƙofar ɗakin baya, ya sauko da albam, ya buɗe. Shafin farko, Dogo, na kwalin takalmi. Sunayensu na gaskiya suna rubuce a jikin katin, amma shi nasa ya raɗa musu. Ga Mai Kunnuwa. Ga Malam Shiru, da ba ya taɓa kallon mai hoto. Ga baƙin nan mai wushirya da ya sa wa Ɗan Gidanmu… Duk sun mutu, ko sun tsufa sun tanƙware a wani gari da ba zai taɓa zuwa ba. Amma a nan kowannensu hannu a sama, ba ƙyalle, ba ludayi, jama'a cike da fili sun biya kuɗi don su ga hagun nan ya yi aikinsa.

Kowanne da ƙatuwar safar fata a hannu ɗaya, ta cafe ƙwallo. A nan ake gane su. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka hannun da aka fi ji da shi ake sa wa safa. Ina! Safar ta cafewa ce kawai. Hannun gaske tsirara yake zama, shi ke jifa. Bahago a dama yake sa safarsa. Duk mutanensa, daga Dogo har na ƙarshe, safa a dama, hagu a sake…

Gefen Dogo akwai gurbi da ya bari tun tuni, na wani da yake nema. Shi ya zo nema Birmingham.

Turare.

Hancin ne ya fara sanar da shi, tun kafin takun. Ya buɗe ido. Saudatu. Kwat a kan atamfa, mayafi ya jiƙe a kafaɗa, kula a hannu ɗaya, jaka a ɗayan. Tun da safe ta hau mota daga Manchester. Ta rame. Yaushe ta fara dafa bayanta haka in za ta zauna?

"Injiniya, ina wuni? Ya ƙarfin jikin?"

"To."

"Alhamdu lillahi. Haka ake so."

Ita kaɗai ce ke amsa to ɗinsa kamar ya yi mata dogon bayani. Ta kalli farantin asibiti, ta taɓe baki, ta ture shi gefe da bayan hannu. Ta ɗora kula. Ko ba a buɗe ba ya san tuwon shinkafa ne mai laushi da miyar kuka. Ta ciro 'yar roba da gorar ruwan ɗumi. Ya san abin da zai biyo baya: za ta ɗauko daman daga kan matashi, mataccen, ta wanke shi yatsa-yatsa kamar yadda take zuba masa ruwa tun suna amarci, ta goge, ta mayar, sannan ta ba shi a baki da nata hannun. Duk Lahadi sai ta wanke hannun da ba zai ci ba.

Saude, gobe ne fa. Sun gaya miki? Saude, ba na son garden. Ki ce musu ba na so. Ki tafi da ni yau, ki sa ni a jakar nan…

"Tsaya tukuna. Yau da baƙi na zo maka."

Albam ɗin. A nan, a kan cinyarsa. Bangon ya sha hannu, gefe ya kumbura, yana ƙanshin gida — danshi da turare. Ta buɗe. Dogo! Ƙafa a sama, yadda ya bar shi. Idon Ashafa ya cika, bai damu ba, ya cika ɗin.

"Kuma na ƙaro maka mutum ɗaya." Tana laluben jaka, murya ta sauya, irin ta yarinyar da ta ci jarrabawa. "Ranar Alhamis da na tashi daga aiki na shiga town, akwai wani shago a ƙasan bene, duk irin kayan nan. Ana ta ruwa. Yaron shagon ya ce zai taimaka mini, na ce bar ni, mijina gwani ne a harkar nan, na san abin da nake nema. Na tsaya ina ta dubawa har ƙafata ta yi tsami. Yawancinsu ma na ga sun yi, sai na zaɓi wanda ya fi kyau."

Ta zaro shi daga 'yar leda ta ɗaga masa. Tsohon kati ne mai kyau, gefensa bai ci ba. Saurayi mai faɗin kafaɗa, hula a karkace, ya ɗan rusuna yana jiran ƙwallo.

Safar tana hagu.

"Ka gani? Ga ta nan a hagunsa, ƙatuwa. Sai da na duba na sake dubawa."

Saude… Saude, na dama ne. Kin shiga ruwan sama, kin tsaya da bayan nan naki, kin sayo mini na dama. Shekaru kina share musu ƙura ba ki taɓa kallon hannuwansu ba? Dariya ce ke taso masa ko kuka? Ba ya ganewa, duk hanya ɗaya suka biyo. Matar da ba ta taɓa tambayarsa me ake da kwalayen nan ba, ita ce a ƙasan bene cikin Turawa, gilashi a hanci, tana neman bahago…

Ta ɗaga ledar shafin farko. Gurbin gefen Dogo. Za ta zura shi —

A'a. Ba nan ba. Ba nan ba, Saude! Baki ya buɗe, harshe ya taso, tsinanniyar kalmar nan tana zuwa —

Katin yana hannunsa.

Yaushe? Bargo a yaye. Yatsu biyu ne suka ɗauke shi daga hannunta, tsaf, ko lanƙwasa gefensa ba su yi ba. Da hagu. Ya karɓi abu daga hannun matarsa da hagu, da rana tsaka, ga tsohon da ke gadon can yana kallo, ga nas tana wucewa…

Kafin kunya ta iso, hannun ya ci gaba da abinsa. Ya kwantar da sabon katin kusa da Dogo. Manuniya ta sauka kan safar Dogo, tap, tap: dama. Ta koma kan hagun da ke tsirara. Wuyan hannu ya ɗan karye a iska, ɗan jifa ƙarami, na wasa, amma ya ji shi har ƙugu. Ta dawo kan saurayin. Safa, hagu. Hannun jifa, dama. Sai yatsan ya miƙe a gaban fuskarta ya kaɗa, nan da can, nan da can.

A'a.

Tun ganye yana kore bai ce a'a ba.

Saudatu tana bin yatsan da ido. Dogo, saurayi, Dogo… bakinta ya buɗe a hankali.

"La ilaha illallahu. Wato safar ba a— wato na dama na kwaso maka?" Ta toshe baki da mayafi, kafaɗu suna rawa. "Shi ya sa na ga duk shagon bahagwai ne! Kuma yaron nan ya so ya yi magana na hana shi!"

Tana dariya har da hawaye, amma ya san ta. A ƙarƙashin dariyar akwai ruwan saman ranar Alhamis. Ya ɓata mata kyauta. Abu ɗaya ta taɓa saya wa mutanensa, ya ce bai yi ba. Saude, ki yi haƙuri. Saude, duk albam ɗin nan babu wanda — yaya ake faɗa? Ina kalmomin suka shiga?

Hannun ya ɗauki saurayin daga kan shafi. Ya kai shi aljihun ƙirjin rigar asibiti, ya zura, ya dafe.

Dariyar ta tsaya. Ba katin take kallo ba, ba fuskarsa ba. Hannun.

"Sannu da zuwa," ta ce, ƙasa-ƙasa. Da hannun take. Sannan ta ɗago. "Ranar da Latifa ta zamo daga matattakala tana rarrafe, da wanne ka cafe ta? Ka ɗauka ban gani ba? Na ce in kana son faɗa, za ka faɗa."

Ta sani.

Duk shekarun nan… tana ajiye masa ambulan a gefen shayi, tana wucewa abinta. Yana ta ɓoyo a ɗakin baya, ƙofa a rufe, ashe matar gidan ta san abin da ke ciki. Da ya faɗa. Da wata rana, a kicin, tana yanka albasa, ya ce Saude, ni fa ina yaro ba mangwaron da ke gagara ta… Yanzu da yake son faɗa, bakin ya tafi.

Ta rufe albam ta ajiye a kujera. Ta jawo 'yar robar. Ta buɗe gora. Ta kalli daman a kan matashi, ta ɗan shafa shi, ta bar shi a wurin. Ta zagayo gadon tana dafe da baya, ta zo ta ɗaya gefen.

Ta miƙo tafinta.

Ruwa mai ɗumi a kan hagu. Yana bi tsakanin yatsu yana ɗiga cikin roba. Tana wanke shi yatsa-yatsa, babban, manuniya, na tsakiya, kan ƙasusuwan nan da ludayi ya sani. Ba wanda ya taɓa wanke hannun nan don ci. Ba wanda ya taɓa…

Ta goge shi da gefen mayafinta. Ta buɗe kula, tururi ya taso, kuka da daddawa suka cika ɗakin Turawa. Ta zuba miya, ta turo kwanon ta hagunsa. Cokalin asibitin ma ta kawar.

"Bismillah, Injiniya."

Ta juya ta fuskanci taga, wai tana kallon bishiya.

Gobe Litinin. Koriyar ƙofa. Motar 192 tana huci a bakin titi, ƙofarta a buɗe, direba yana jira… Hannun ya tashi. Ya wuce gefen tebur. Yana saman kwano yanzu, tururi yana lasar tafin, yatsu sun haɗu yadda ake haɗa su, sun sani, ashe ba su manta ba — sai kafaɗar ta ɗage da kanta, wuya ya noƙe, ido ya runtse.

Dattijo mai furfura, a gadon asibiti a Birmingham, yana jiran ludayi ya sauka.

Bai sauka ba.

Inna?…

Tuwon yana hucewa. Saudatu ba ta juyo ba. Har yanzu bai sauka ba…